Godiya ga Injiniyoyin da Suka Haɗa Tsofaffin Na'urorinmu da Sababbi

Zuwa ga Manajan Darakta da ɗaukacin injiniyoyin kamfaninku,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda masu masana'antu da yawa suna fama da irin matsalar da kuka warware mana.

Famfuna da bawul-bawul na sashen tace ruwa a masana'antarmu, tsofaffin na'urorin PLC, wato ƙananan kwamfutocin sarrafa injina, su ne ke sarrafa su. Sun daɗe suna aiki ba gardama, sai dai yaren sadarwar da suke ji a kan wayar da ke haɗa su, RS-485, shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar tun 1979. Sabuwar manhajar sa ido da hukumar gudanarwarmu ta saya kuwa OPC UA take ji, tsarin da ya fito a 2008. Shawarar da muka yi ta samu ita ce a tumɓuke komai a sa sabo, wato a tsayar da aiki na tsawon lokaci. Ku kuwa abin da kuka fara yi shi ne kwafe shirin da ke cikin kowace PLC ku adana, sannan kuka zauna da masu aikin dare kuna tambayarsu halin kowane famfo. Daga nan na san da ƙwararru muke tare.

Na'urar tsakani da kuka girka tamkar tafinta take, tana karɓa daga tsoho ta miƙa wa sabo. Faɗin haka da sauƙi, wahalar tana cikin ƙananan abubuwa. Gurbin Modbus, wato wurin da na'ura ke ajiye lambar awo, bit 16 kawai yake ɗauka (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, 0 ko 1), don haka awon da ke buƙatar bit 32 sai an raba shi gurbi biyu, kuma kamfanonin ƙera na'urori ba su haɗu a kan rabin da zai zo farko ba. Idan aka juya su, allo zai nuna lambar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ga kuma gurbin da littafin na'ura ya kira 40001, alhali a kan waya adireshinsa 0 ne. Kuskuren gurbi ɗaya ya isa a karanta matsin ruwa a madadin zafinsa. Injiniyarku ba ta amince da takarda kaɗai ba. Kowane awo sai ta sa ma'aikacinmu ya tsaya gaban ma'aunin tanki ya faɗa mata abin da idonsa ya gani, ta gwada da na allo. Tsofaffin ma'aunanmu masu aika awo da siginar lantarki ta milliamfa 4 zuwa 20, inda 4 ke nufin awo mafi ƙanƙanta, su ma ba ku taɓa su ba, kun dai tsara allon ta yadda idan sigina ta faɗi ƙasa da 4 zai yi gargaɗin tsinkewar waya, maimakon ya ce tanki ya ƙafe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun saita na'urori daga nesa. Modbus ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya isa gare shi ta tashar 502, ƙofar da yake saurare a kan layin kwamfutoci, zai iya ba shi umarni ya bi. Kowa a wannan sana'a ya san abin da Stuxnet, muguwar manhajar da aka gano a 2010, ya yi wa injinan tace yuraniyam na Natanz a Iran, da yadda masu kutse suka katse wa masu amfani da wuta sama da 200,000 lantarki a Yukren a Disambar 2015 ba tare da sun taka ƙafa a tashoshin ba. Da na kawo wannan fargaba, ba ku ce in kwantar da hankalina kawai ba. Kun raba layin injina da na kwamfutocin ofis, da katangar tsaro a tsakani, bisa tsarin shiyya-shiyya na ƙa'idar tsaron na'urorin masana'antu ta IEC 62443. Injiniya ba ya shigowa sai ta VPN, wato killatacciyar hanya a intanet, da asusun kansa da lambar da ke zuwa wayarsa, kuma ko ya shigo kallo kawai zai yi. Canza saiti sai mai kula da ɗakin sarrafawa ya murɗa makulli da hannunsa, in an gama ya zare. Wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa, duk suna cikin rajista. Maɓallin tsayar da injin na gaggawa kuwa yana nan a kan wayarsa, babu ruwansa da intanet.

Gaskiya wasu matasanmu suna ƙorafin cewa makullin nan yana kawo jinkiri. Yana kawowa. Ni dai na fi son mintunan da za a ɓata wajen kiran waya a kan famfo ya tashi alhali makaniki na da hannu a cikinsa.

Mun karɓi zanen wayoyi da jadawalin gurabe da kwafin shirye-shiryen, kuma ma'aikatanmu sun iya mayar da tsohon saiti da kansu idan sabo ya ƙi. Hukumar gudanarwa ta amince a riƙa sauya tsofaffin PLC ɗaya bayan ɗaya a lokutan gyaran shekara kamar yadda kuka ba da shawara, kuma ku za mu kira. A isar mana da gaisuwa ga injiniyar da ta jagoranci aikin da abokan aikinta. Allah ya saka da alheri.

Naku,
Shugaban Sashen Kula da Injina