Sanarwa ga ƴan rukuni: gwajin tsaga da maganaɗisu

Salamu alaikum iyayen gida da ƴan'uwa masu walda da kanikanci. Duk wanda ya sayo kiranshaf (sandar cikin inji da fistin ke juyawa) na hannu a kasuwar Panteka, don Allah kada ya ɗaura sai an gwada shi, domin akwai tsagar da ido ba ya gani.

A wanke maiƙo tas, a ɗora maganaɗisu, a barbaɗa garin ƙarfe. Inda tsaga take, garin zai taru ya ja siririn layi kamar gashi. A juya maganaɗisun a gicciye a sake, don tsagar da ta miƙe daidai da layin ƙarfin maganaɗisun ɓuya take yi.

Gwajin ba ya aiki a kan alminiyam ko tagulla fa. In an gama, a kashe ƙarfin maganaɗisun da ya saura a jikin ƙarfen, kada ya riƙa janyo ɓurɓushi cikin inji.