Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano: A Ware Wa Binciken Ƙuda Gurbi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙona shi ne cikin ɗaliban da jiha ke ɗaukar nauyin karatunsu a ware gurbi ga masu son nazarin ƙuda.

Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Lemo lokacin mangwaro ya san asarar. Ka ga mangwaro fes a waje, ka yanka ka tarar da tsutsa, domin wata ƙuda ta huda fatarsa ta yi ƙwai tun yana bishiya. Wannan nau'in daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003, ya bazu har Afirka ta Yamma. Makiyayi kuma yana fama da sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ga ƙudan da ke bin idon yara yana yaɗa amodari.

Aikin mai binciken shi ne ya kafa tarko, ya tantance nau'i a madubin likita, ya gano inda suke haihuwa da maganin da ya daina kashe su. Da irin wannan haƙuri aka kawar da tsando daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997, ta hanyar sakin mazajen da aka kashe wa ƙwayar haihuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne arhar aikin. Ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba, cikin kwalba ake kiwonsa, kwana 10 ya isa ƙwai ya zama babba. Da shi masanin kimiyya Thomas Hunt Morgan ya nuna yadda gado ke bin ƙwayoyin halitta, ya karɓi kyautar Nobel a 1933. A 2017 wasu Amurkawa uku suka sake karɓarta kan agogon jiki mai tsara barci da farkawa, su ma da wannan ƙuda suka yi aikin. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Amos Abolaji yana amfani da shi wajen gwada illar guba da magunguna. Me zai hana ɗan Kano?

Ranka ya daɗe, a ba jami'o'in jiha ɗaki guda mai tsayayyar wuta da madubai, a haɗa ɗalibansu da cibiyar binciken sammore ta Kaduna, kuma wanda ya gama digirin digirgir ya dawo ya tarar da aiki yana jiransa.

Allah Ya taya riƙo.

Naka,
Wani malamin kimiyya a birnin Kano