A Kai Karnuka Da Kyanwoyi Rigakafi Tun Suna Lafiya

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi kira ga masu karnukan gadi da na farauta, da masu kyanwa a gida. Kwanan baya kare ya ciji yaron maƙwabcinmu a ƙwauri. Da aka tambayi mai karen takardar rigakafin cutar haukar kare, sai ya ce tunda ya samo shi bai taɓa kai shi wurin likitan dabbobi ba. Na ga uwar yaron tana wanke ciwon da sabulu, hannunta na rawa, kafin a garzaya asibiti a fara masa allurai.

Cutar haukar kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kuma yara ne ke yawan faɗawa. Alhali ana sarrafa allurar rigakafin karnuka a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a jihar Filato. Kwikwiyo na da wata uku ake fara yi masa, a riƙa maimaitawa duk shekara. A lokacin ne likitan dabbobi zai duba kaska da tsutsar ciki.

Ina roƙon ƙananan hukumomi su riƙa shiga unguwanni da allurar kyauta, musamman ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar.

Naka mai karatu,
daga Zariya