Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Majalisar Kallo

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Kamar yadda tsarinmu ya tanada, ga rahoton abin da aka yi da abin da aka kasa yi a bana. Da kuɗi zan fara, domin yawancin tambayoyin da za a yi mini a taro amsarsu tana can.

Sunaye 34 ne a rajista. Kuɗin wata naira 1,000 ne, ba a ƙara ko kwabo ba duk da yadda fetur ya koma. Da kowa ya biya, da naira 408,000 ta shiga asusu. Abin da ya iso hannun ma'aji 173,000 ne. Mutum 11 sun biya wata goma sha biyu cif, mutum 9 sun fara sun tsaya a hanya, mutum 14 kuwa ko sisi. A cikin sha huɗun nan akwai wanda ya rasa aiki, akwai wanda ya sha jinya, sun yi wa shugaba bayani, babu mai ganin laifinsu, Allah Ya kawo musu sauƙi. Da sauran nake. Suna nan a zauren WhatsApp, su ne kan gaba wajen kawo sunan fim ɗin da suke so a kalla, amma ranar da aka tura tunatarwar kuɗi sai ka ji tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni da ma'aji mun tura saƙo kowane farkon wata, mun buga waya, wasu har shago aka bi su. Ba don mu zama masu karɓar bashi muka karɓi wannan aiki ba, kuma ya cinye lokacin da ya kamata a ba aikin juye tsofaffin kaset ɗin finafinai zuwa kwamfuta.

An kashe 46,000 a man janareta na zaman yau da kullum, 74,000 a daren kallon Shaihu Umar, 48,000 a aikin kaset. Saura 5,000. Rasit ɗin duka yana wurin ma'aji, mai son dubawa ya je ya duba.

An tsara zama 24, an yi 17: biyu sun faɗa cikin azumi, uku ruwa ya hana, biyu kuma mutum huɗu kawai suka zo aka watse.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya a bana, wato daren Shaihu Umar.

Duk wanda ya daɗe a majalisar nan ya san shekara nawa muna ambaton wannan fim ba mu gan shi ba. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976, daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933. An daɗe ana ɗauka fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa na asali a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal da ke Jamus ta shiga aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan gyararren kwafin ne wani ɗan'uwanmu ya yi ta fafutuka har ya samo mana, Allah Ya saka masa da alheri.

Ina so a rubuta yadda aka shirya wurin, domin kwamitin baɗi ya bi sawu. An aro harabar makarantar da muka saba. Allon farin yadi ne mai faɗin mita uku, aka ɗaure shi tamau a jikin katako kusurwa huɗu, aka sa baƙin yadi a bayansa. Baƙin yadin nan shi ne sirrin: in babu shi haske yana ratsa farin ya wuce, hoto ya fito fari fat kamar an wanke shi, wanda shi ne abin da ya same mu bara. Majigi ya zauna a kan tebur nisan mita huɗu da rabi, daidai tsakiyar allo. In aka ajiye shi a gefe, hoton zai karkace, a yi ta fama da maɓalli ana rage masa kyau. Lasifika biyu aka sa, dama da hagu na allon, suna fuskantar jama'a. Wasu sun so a kai ɗaya baya saboda na nesa, kwamiti ya ƙi, kuma ya yi daidai, domin murya in ta fito daga bayan mai kallo alhali baki yana motsi a gabansa, kunne ba ya yarda. Janareta kuwa bayan katanga aka kai shi, da waya mai kauri ta mita ashirin da biyar, aka sa sitabilaiza tsakaninsa da majigi. An cika tanki kafin a fara, an kuma tanadi galan a gefe. Wannan ba don tsoron yankewar kallo kawai ba ne. Ƙwan majigi yana buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi har ya huce, wuta in ta ɗauke farat ɗaya tana rage masa kwana, kuɗin sabon ƙwai kuwa ba shi a asusunmu.

An gwada komai tun daren jajibiri, kuma gwajin ne ya cece mu: wayar HDMI da muke da ita tana yanke sauti in an taɓa ta, aka sauya tun kafin ranar.

Kujera 80 aka haya. Kafin a idar da sallar isha'i sun cika, aka shiga aron tabarmi a maƙwabta. Mata suna ɓangarensu, yara a gaba a ƙasa. Lokacin hunturu ne, kana ganin ƙura tana yawo a cikin hasken majigi, sai da aka goge gilashinsa da kyalle mai laushi a lokacin hutu. Fim ɗin ya haura awa biyu da minti ashirin, shi ya sa aka raba shi biyu aka ba da hutun minti goma, aka zagaya da zoɓo. Mun ji tsoron mutane za su zame a hutun. Babu wanda ya tafi sai masu goyo biyu ko uku.

Tattaunawar da ta biyo baya ita ce mafi kyau da majalisar nan ta taɓa yi. An fara da Makau, mijin mahaifiyar Umar, yadda makircin fada ya sa aka kore shi daga gari, wanda shi ne ya buɗe ƙofar duk wahalar da ta biyo baya. Daga nan magana ta koma kan mahaifiyar Umar, wadda ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Mata uku suka yi magana a jere, dukkansu suna ganin labarin nata ne fiye da na Shaihun, kuma aka rasa mai ƙwaƙƙwarar hujjar musa musu. An yi gardama mai zafi a kan Abdulkarim, Balaraben da ya riƙi Umar kamar ɗansa ya ba shi ilimi: shin kyautatawar tasa ta wanke hanyar da yaron ya bi ya zo hannunsa? Wasu suka ce labarin ya sassauta wa bauta, wasu suka ce wahalar uwar ta isa tsinuwa ga cinikin gaba ɗaya. Ba a daidaita ba, kuma ba sai an daidaita ba.

Samari sun yi ƙorafin fim ɗin yana tafiya a hankali. Wani dattijo cikin baƙinmu, wanda ya yi kallo a gidajen sinima na Plaza da Orion zamanin ana cika su, ya amsa musu da cewa labari ne da malami ke ba ɗalibansa a zaune, kuma mai ba da labari irin wannan ba ya gaggawa. Shi ne kuma ya riƙa nuna wa yara kayan doki a jikin allo yana faɗa musu sunayensu, da aka dawo da wani wuri baya domin a sake gani. A ganina abin da ya fi kama mutane shi ne Hausar kanta, yadda ake gaisuwa a cika ta, yadda ake magana a gaban manya. Sai bayan sha biyun dare aka naɗe allo. Mutum bakwai suka nemi shiga majalisa a daren.

Sai dai a faɗi gaskiya: 'yan majalisa tara ne suka ɗauki kujeru, suka ja waya, suka share harabar da safe. Wasu da ba su biya ko wata ɗaya ba sun zo da baƙinsu sun zauna a layin gaba.

Aikin kaset. Na san an yi ta magana a kansa, har an ce kwamiti ya yi barci. A taron bara mun yi alkawarin juye kaset 40 zuwa kwamfuta, guda 9 aka juye. Ga dalili.

Kaset 62 aka tara daga gidajen 'yan'uwa da wani tsohon shagon haya, yawancinsu finafinan Hausa ne na shekarun da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, sai 'yan na Indiya. Da aka duba su ɗaya bayan ɗaya ta tagar gilashin, 19 sun yi fumfuna, wato farin gari-gari a gefen zaren, saboda an ajiye su a ɗaki mai danshi damina bayan damina. Irin wannan kaset ba a sa shi a inji. In aka sa, fumfunar tana manne wa kan bidiyon, wato ɗan ɓangaren injin da ke karanta zaren, hoto ya koma yayyafi, sannan ta shafi duk kaset mai lafiya da ya biyo baya. Hakan ta faru a wata na uku, da wani ya kawo nasa ya sa ba tare da an duba ba. Wanke kan yana buƙatar a buɗe injin, a jiƙa farar takarda da sinadarin goge na'ura, a dafa ta a jikin gangar da kan yake maƙale da ita, a juya gangar da yatsa a hankali. Ba a sa auduga, domin zarenta yana kama ɗan ƙaramin kan ya karya shi, ba a kuma gogawa sama da ƙasa.

Inji ɗaya gare mu, shi ma aro ne. A wata na biyar bel ɗinsa ya saki, robar da ke matse zare ta bushe ta fara tauna kaset. Masu gyaran bidiyo sun yi ƙaranci, kayan gyaran ma sai dai a ciro daga wani mataccen inji. Wata biyu injin ya yi a wurin mai gyara.

Sannan masu cewa a yi sauri su sani, juye kaset ba kamar tura fim daga waya zuwa waya ba ne. Kaset na awa uku, awa uku zai ci, kuma sai mutum ya zauna a gabansa, domin layin hoto yana iya gocewa a tsakiya sai an daidaita da hannu. In wuta ta ɗauke a minti na ɗari, an koma farko. Ƙaramar na'urar juyewa da kuɗinmu ya iya saya tana da nata aibin: a dogon fim hoto yana tsere wa sauti kaɗan-kaɗan, kafin ƙarshe sai ka ga baki ya rufe magana tana ci gaba. Dole aka riƙa yanka kowane fim gida uku ana daidaitawa. An kuma bar hoton a siffarsa ta tsohuwar talabijin, ba a miƙe shi ya cika faffaɗan allo ba, don kada fuskoki su baje.

Babban abin da ya tsayar da aikin shi ne wurin ajiya. Kwafi mai inganci yana cin wajen gigabait 13 a kowace awa. Tara ɗin nan sun cika kwamfutar da aka ara mana. An sa kuɗin babban faifan ajiya a kasafin bana bisa zaton za a biya kuɗin wata, ba a biya ba, ba a saya ba. Wani ya ba da shawarar a matse finafinan su koma ƙanana kamar na waya. Kwamiti bai yarda ba, domin wasu kaset ɗin wannan ne karo na ƙarshe da za su iya juyawa a inji, abin da aka zubar wajen matsewa kuwa ba ya dawowa. Shaihu Umar da gwamnati ta ɗauki nauyinsa ma sai da ya yi shekaru ba a san inda yake ba, balle fim ɗin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa ta yi da kuɗin aljihunta. A yanzu kwafi ɗaya tak muke da shi na kowane cikin taran, a kwamfutar da ba tamu ba.

Fassarar Sarraounia ita ma ba ta kammala ba. Fim ɗin Med Hondo ne na 1986 a kan Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, maganar ciki ba Hausa ba ce, shi ya sa muka ce za mu sa masa rubutun Hausa a ƙasan allo. Mutum biyar suka ɗaga hannu, biyu suka yi aiki, an kai minti arba'in. Kowane layi sai an sa masa lokacin shiga da na fita, kada ya wuce layi biyu a allo. An kuma yi asarar mako biyu saboda ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa kamar akwatuna, sai daga baya aka gane dole a adana fayil ɗin a tsarin UTF-8. Akwai Faransanci a maganar fim ɗin, mai jinsa kuwa ɗaya ne a cikinmu, ba zai iya shi kaɗai ba.

Abin da kwamiti zai kawo gaban taro uku ne. A cire sunan duk wanda ya yi wata shida bai biya ba kuma bai kawo uzuri ba, daga rajista da kuma zauren WhatsApp. A ware kuɗin wata ukun farko domin sayen faifan ajiya biyu, ɗaya a wurin shugaba ɗaya a wurin ma'aji. A kuma naɗa wani dabam ya riƙa bin kuɗin wata, domin ni da ma'aji ba za mu ƙara haɗa shi da aikin kaset ba.

Kaset 19 masu fumfuna suna cikin kwali dabam an rubuta a jikinsa, don Allah kada wanda ya buɗe. Taro yana nan Asabar ta farko a wata mai kamawa, bayan la'asar, a inda muka saba. Mai bashi ya taho da kuɗinsa.

Wassalam,
Sakatare