Masunta, a gwada batir kafin a kwance injin kwale-kwale a lokacin hunturu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana masunta da abokan sana'ata a kan ƙaramin injin kwale-kwale mai aiki da batir, wanda wasu 'yan tsiraru suka fara ɗaurawa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sana'ata haɗa sola ce da gyaran wayarin a Sabon Garin Zariya, kuma da zarar hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, sai a riƙa kawo mana irin wannan inji daga bakin kogin Galma da madatsun ruwan da ke kewaye da mu, kowa da kuka iri ɗaya: inji ba ya ja, ko kuwa ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. A mafi yawan lokuta injin lafiyarsa ƙalau, cutar tana jikin batir da waya, kuma gaggawar kwance shi ce take jawo wa talaka asarar da babu gaira babu dalili.

An fara ƙera wannan inji a 1934 a garin Fargo da ke jihar North Dakota ta Amurka, inda kamfanin Minn Kota ya samo asali, kuma ƙasa ce da tafkuna ke daskarewa a lokacin sanyi. Shi ya sa shawarwarin da ake bayarwa a can suka fi karkata ga ƙanƙarar da ke riƙe farfela, da gargaɗin kada a yi cajin batirin litiyam idan sanyi ya yi ƙasa da sifili. Mu a nan ruwa ba ya daskarewa, domin sanyin asubarmu yakan tsaya ne a wajen digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salsiyas. Duk da haka wannan sanyin yana da tasiri, saboda ƙarfin da ake rubutawa a jikin batir mai ruwa an auna shi ne a wajen digiri 25, kuma idan gari ya yi sanyi sinadaran cikinsa sukan yi nawa, har ya rasa kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da yake iya bayarwa. Lafiyayyen batir yana jure wannan ragi ba tare da mai jirgi ya lura ba. Wanda zafin Maris da Afrilu ya riga ya ƙafar masa da ruwa, ya cinye farantan dalma da ke cikinsa, shi ne yake durƙushewa, kamar yadda sanyi ke tayar wa mutum da tsohon targaɗe.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin caji, kuma ina son masu karatu su bi ni wannan lissafi a hankali. Injin da aka fi samu, mai aiki da bolt 12, yana jan wuta kusan amfiya 50 idan aka buɗe masa giyar ƙarshe. Batir mai amfiya 100 na awa (100Ah) kuwa bai kamata a sha fiye da rabinsa ba idan ana son ya yi ƙarko, wanda ke nufin masunci yana da kimanin awa ɗaya ce kawai ta cikakken gudu. Farantin sola mai wat 100, wanda shi ne aljihun yawancin mutanenmu yake iya ɗauka, ba ya ba da fiye da amfiya 5 zuwa 6 ko da rana ta take, saboda haka mayar da abin da aka sha a wannan awa ɗaya yana bukatar wajen awa goma na rana mai kyau, alhali ranar da ke caji sosai ba ta wuce awa biyar ko shida a yini. To, ina ga lokacin da hazo ya rufe sama, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashin farantin har kana iya rubuta sunanka da yatsa? Abin da ke faruwa shi ne kullum batir yana fita ruwa bai ƙoshi ba, yau da saura kaɗan, gobe da saura da yawa, har wani farin gishiri ya daskare a kan farantansa ya hana shi riƙe caji. Mai jirgi kuwa yana gani an jona batir tun jiya, sai ya ɗora laifin a kan inji.

Akwai kuma masu ɗaukar batirin mota su saka a jirgi saboda ya fi araha. An yi batirin mota ne domin ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu a tayar da inji, ba domin a yi ta tsotsarsa awa da awanni ba, kuma idan aka matsa masa da irin wannan aiki ba ya daɗewa. Wanda ya dace shi ne irin na sola, mai kaurin faranti, wanda aka yi shi domin a sha a mayar.

Saboda haka kafin a taɓa ko noti ɗaya a jikin inji, a nemi mitar auna wuta a gwada batir bayan ya huta 'yan awanni da sauka daga caji. Idan ya nuna bolt 12.6 ko 12.7 ya cika, idan ya nuna 12.2 rabi ne, idan kuma ya yi ƙasa da 12 to babu abin kirki a cikinsa. Gwajin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a tsoma injin a ruwa, a buɗe giya, a bar mitar a kan batir ana kallo. Na sha ganin batirin da ya nuna 12.6 a kan benci, amma ana murɗa hannun inji sai lambar ta rikito ƙasa da 11 nan take, mai shi yana tsaye yana rantsuwa cewa bai daɗe da saye ba. Idan kuwa batir ya tsaya da ƙafarsa amma wutar da ke isa inji ta ragu, sai a bi waya da hannu, duk inda aka ji ɗumi to nan wuta take zubewa. Raɓar asuba da ƙurar hunturu suna haɗuwa su tara wani gari fari ko kore a kan batir, sai a wanke shi da ruwan zafi, a goge da burushin waya, a ɗaure noti tam, a shafa giris. Wayar wutar gida mai siriri ba ta ɗaukar amfiya 50, ana bukatar mai kauri kamar murabba'in milimita 16, tare da fiyus ko bireka mai amfiya 60 kusa da batir, kuma ina roƙon jama'a da su daina maye gurbin fiyus da guntun waya, domin hakan yana iya tayar da gobara a jirgin katako.

Sai an wanke batir da waya daga zargi sannan a juya ga farfela, bayan an cire kan batir tukuna domin kada ta yanke yatsa. A wannan lokaci ruwa yana ja da baya, ciyawa da kainuwa suna matsowa, ga tsofaffin zaren koma da na mamari da aka yasar. Zaren roba yakan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya danne gudun inji, ya ƙara masa shan wuta, daga baya kuma ya yanke robar da ke hana ruwa shiga. A kwance farfela a tsince zaren, a duba ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ko ya lanƙwashe ko ya karye, domin idan ya karye za a ji inji yana kuka amma jirgi ba ya motsi. A injin da ke da giya biyar gaba uku baya, idan wasu suna aiki wasu ba sa yi, makunnin da ke hannu ne ake zargi, kuma canza shi ba ya bukatar a buɗe ƙasan inji.

A nan nake da magana da abokan sana'ata. Ƙasan wannan inji a cikin ruwa yake rayuwa, kuma robobin da ke toshe shi ba sa komawa daidai idan aka buɗe aka mayar da tsofaffin, sababbi kuwa samunsu a kasuwarmu yana da wuya. Mai gyaran da ya buɗe lafiyayyen inji domin kawai ya duba, ya liƙe shi da gam ya miƙa, ya ba ruwa ƙofar shiga kwayil, kuma mai jirgin zai dawo da injin da ya mutu da gaske. Wannan haƙƙi ne a wuyanmu, domin mutumin da ya kawo aikin wataƙila bashi ya ci ya saya, yana jiran tarwaɗa da karfasa su biya masa.

Ina kira ga cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta ne wayar da kan manoma da masunta, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, su shirya gajeren horo da Hausa tare da sarakunan ruwa a kan gwajin batir da lissafin caji. Su kuma masu sayarwa su ji tsoron Allah su gaya wa mai saye girman batir da farantin solar da injin yake bukata tun kafin ya biya kuɗi. Kafin a kai ga haka, masunci ya riƙa goge farantin solarsa kowace safiya, ya mayar da batir caji da zarar ya fito daga ruwa, ya ƙara masa tataccen ruwan batir ba asid ba, ya rage tafiya a giyar ƙarshe, kuma kada ya bar filafili da rigar kariya a gida don yana da inji, domin iskar hunturu tana tayar da igiyar ruwa a madatsa, kuma ruwan asuba a lokacin hunturu yana saurin sandarar da jikin wanda ya faɗa ciki.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Mai haɗa sola da gyaran wayarin,
Sabon Gari, Zariya.