Godiya ga gidan likitan da ke duba ledar magani kafin ya duba baki

Zuwa ga likitan haƙori, da likitan da ke kula da masu hawan jini da ciwon suga, da majo, babbar mai jinya, na gidan likitan da muke kai tsofaffinmu a nan Damagaram. Assalamu alaikum.

Mu masu jinyar tsofaffi a gida ne, daga Birni zuwa Zango da Garin Malam. Mun fito fili mu gode muku saboda abu guda: ku likitocin biyu kuna rubutu a karne ɗaya, wato littafin mara lafiya, kuma kowa na karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Wanda bai yi jinya ba ba zai san girman wannan ba. Yadda aka saba, tsoho mai shanyewar ɓarin jiki zai daina cin tuwo, ya koma kunu da fura, ya yi ta ramewa. Likitan hawan jini ya auna hannu, ya sabunta takardar magani, bai ce "Baba, buɗe baki" ba. In an kai shi wajen mai haƙori, shi kuma ya ɗauko abin cirewa bai tambayi ko da ƙwaya ɗaya da Baba ke sha ba. Wani ya ce a bar maganin tsinka jini kwana bakwai, wani ya ce kada a kuskura. Iyali su tsaya a tsakiya da kuɗin kabu-kabu da suka ƙare.

A wurinku ana fara zazzage ledar magani a kan tebur. Mai shan maganin hawan jini amlodipine ko nifedipine, in dasashinsa ya kumbura ya hau kan haƙora, ba ku gaggawar yanka; likitan haƙori ya wanke dattin da ya daskare, ya rubuta wa abokin aikinsa ya duba ko za a canza maganin. Mai shan furosemide ko amitriptyline kun san yawunsa zai ragu, kuma busasshen baki shi ke sa tushen haƙori ruɓewa da sauri, balle da hunturu, balle ga mai shan shayi mai sukari sau uku a wuni. Aspirin ɗin da ake sha kullum don zuciya ba ku tsayar da shi don cire haƙori ɗaya. Mai shan maganin tsinka jini Sintrom ko warfarin kuwa sai an yi masa awon INR, mai nuna yadda jininsa ya tsinke, cikin kwana ɗaya zuwa uku kafin aiki, in ya kai 4 a ɗage, a koma wajen likitansa. Hawan jini in ya wuce 180 bisa 110, shi ma ɗagewa ake. Mai suga da safe ake ganinsa, bayan ya karya kumallo ya sha maganinsa, kuma kuna kula da dasashinsa sosai, don ciwon dasashi na hana suga sauka, sugan kuma na hana dasashi warkewa. Bayan an cire haƙori, paracetamol kuke rubutawa. Diclofenac ɗin da 'yan tebur ke miƙa wa kowa na wahalar da ƙodar tsoho, yana kuma iya fasa masa ciki.

Majo kuwa, Allah ya saka mata da alheri. Ba ta sallamar mai jinya sai ya gwada a gabanta. Takan ce, "Inna, yi haƙuri mu ɗaga ki kaɗan," ta jingina ta da matashi biyu, ta karkatar da kanta gefe don kada ruwa ya bi maƙogwaro. Buroshi ƙarami mai taushi, man goge baki mai fuloraid gwargwadon ƙwayar wake, minti biyu, safe da kuma kafin barci. Wanda ke ƙwarewa ba a ba shi ruwan kurkura. Ana naɗa ƙyallen bandeji mai ɗan danshi a yatsa, a share kumfa, a zaro abincin da ya maƙale a kuncin ɓangaren da ya shanye. Nan ne lomar jiya ke kwana ba wanda ya sani. Ta bayyana dalili kuwa: ƙwayoyin cutar da ke taruwa a baki su ne ke gangarawa huhu in tsoho ya ƙware, sai a wayi gari da zazzaɓi da tari a ce sanyi ne. Duk aikin bai cinye kofi ɗaya na ruwa ba, abin da ke da muhimmanci a garin da famfo kan yi kwanaki bai kawo ba. Asuwaki ba ta hana shi ga mai iya riƙewa, sai dai a yanke kansa a kai a kai.

Haƙoran roba a cire su da dare, a goge, a jiƙa a ruwa mai tsabta. In farin abu ya fito a ganɗa ko harshe, ba a shafa maganinsa, miconazole, ga mai shan Sintrom ko warfarin, don yana ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Miki kuma in ya wuce sati biyu zuwa uku bai warke ba, musamman ga mai ajiye taba gari da kanwa a leɓe, kuna turawa a bincika nan take.



Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan ba ya bukatar wata na'ura mai tsada, amma a wurare da yawa ba a yi. Har yanzu akwai inda za a kwantar da tsoho sati biyu, a canza masa ƙarin ruwa, a juya shi don gyambon kwanciya, ba wanda ya leƙa bakinsa. Akwai masu cire haƙori a gefen kasuwa da ƙarfe ɗaya ga kowa. Akwai masu cewa a danna ƙwayar aspirin a jikin haƙori mai ciwo, ta ƙone dasashi fari fat. Mutanen Mirya da Magarya kuma sai haƙorin ya kumbura fuska kafin a ɗauko tsoho a mota, don a kusa da su da wuya a sami mai dubawa.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri.

Daga masu jinyar tsofaffi a gida, Damagaram.