Wasiƙar Babbar Sallah daga Napoli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya babba da iyalinsa, da Auta. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana ta baɗi da lafiya. Ina fata ragon ya iso gida tun kafin jajibere, kuma Yaya ya zaɓo mai ƙiba yadda Baba yake so. Nan Italiya ba a yanka a ƙofar gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, shi ya sa na ga gara layyata ta kasance a hannunku, maƙwabta su samu rabonsu.

Mun yi Idi da safe a wani fili kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, mu da 'yan Senegal da 'yan Bangaladash da Larabawan Maroko, da 'yan uwanmu na zangon Kumasi waɗanda Hausarsu ke sa ni jin kamar ina gida. Da aka sallame na sa shaddar da Inna ta aiko mini bara, na koma wajen aiki, domin tsohon da nake kula da shi ba ya iya wuni shi kaɗai. Abin da ya faru bayan azahar shi ne dalilin da ya sa wasiƙar nan za ta yi tsawo, musamman saboda Baba.

Tsohon nan ya kusa shekara casa'in. Da ya gan ni cikin babbar riga ya tambayi abin da ake yi, na gaya masa labarin Annabi Ibrahim da ɗansa, ya ce su ma suna da shi a littafinsu. Ya yi shiru, sannan ya ce tunda yau ranar girma ce a wurina, yana so in kai shi wani wuri da ya daɗe bai taka ba. Na tura shi a kekensa har unguwar Chiaia, muka shiga ta cikin wata ma'ajiyar motoci a titin Morelli. Baba, a bayan motocin nan akwai ƙofa, bayan ƙofar kuma akwai hanya a cikin dutse, mai faɗi da tsayi, tana tafiya a ƙarƙashin tudu da gidajen manya na dā. Sunanta Galleria Borbonica.

Mai yi mana jagora ya ce wani sarkin Napoli, Fardinandu na Biyu, shi ya ba da umarnin haƙa ta a 1853. Shekara biyar kafin nan, a 1848, talakawa sun yi masa bore, tsoro ya shige shi. Sai ya so hanyar ɓoye da za ta haɗa fadarsa da barikin sojojinsa, in an sake tayar masa sojoji su iso da sauri, in abin ya fi ƙarfi shi ya sulale. Ya ɗora aikin a kan wani magini mai suna Errico Alvino. Da diga da hannu aka sare dutsen, da hasken fitila, har kimanin mita 430. A 1855 aiki ya tsaya ba a kai fada ba, sarkin ya mutu a 1859, ba a jima ba sarautar gidansu ta rushe. Bai taɓa gudu ta cikinta ba ko sau ɗaya.

Amma ba labarin sarkin ne ya kama ni ba. Masu haƙan sun ci karo da manyan tafkunan ajiye ruwa da aka sassaƙa a cikin dutse tun ƙarni na 17, waɗanda gidajen sama ke zura guga a cikinsu ta rijiyoyi. Ba su fasa su ba. Gada suka gina a kansu don kada ruwan mutane ya ɓaci. A jikin bangon tafkin, daga ƙasa har can sama inda ido ba ya kai wa, na ga 'yan ramuka a jere, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai tafin ƙafa. Tun kafin jagoran ya buɗe baki na gane su. Irin matakan da Baba yake sarawa a jikin rijiya ne, waɗanda nake kallo daga baki ina riƙe da igiya ina yaro, gabana na faɗuwa har sai na ga hularku ta ɓullo. Su ma suna da masu yasar rijiya, pozzari suke ce musu, ƙananan mutane marasa jiki da ke sauka cikin duhu su gyara ruwan gari. Na gaya wa jagoran sana'ar mahaifina ke nan shekara talatin, ya tsaya ya kalle ni, ya miƙo mini hannu. Wallahi Baba na ji daɗin wannan musafahar fiye da albashin wata.

Daga nan tsohon ya karɓe zancen. Lokacin yaƙin Hitila jirage sun yi ta zuba wa Napoli bama-bamai, fiye da kusan kowane gari a Italiya, saboda tashar jiragen ruwanta. Ramin sarki ya zama mafakar talakawa, dubban mutane. An ja musu wutar lantarki, an shafe bango da farar ƙasa don wurin ya yi haske, an gina bayi a jere, har yanzu suna nan. Ya ce yana ɗan shekara bakwai a 1943, in jiniya ta yi kuka da dare mahaifiyarsa takan saɓa ƙanwarsa ta ja shi da hannu, su gangara matakala 90 cikin turereniya. Wasu da aka rushe gidajensu nan suka tare, makonni, ba su da inda za su. Mun ga gadajen ƙarfe da suka yi tsatsa, da tukwane, da wata 'yar motar wasa ta yara. Bayan yaƙi kuma hukuma ta mai da wurin ma'ajiyar motoci da babura da aka kama, har wajen shekarun 1970, aka rufe aka manta. Motocin na nan jibge da ƙura. Sai a 2005 masu binciken ƙasa suka sake shiga, 'yan sa-kai suka kwashe tarkace, aka buɗe wa jama'a a 2010.

Ya sa na tsayar da keken a gaban wani bango. Akwai sunaye da ranaku da mutane suka rubuta suna jiran jiragen su wuce. A cikinsu akwai kalma biyu da manyan baƙaƙe: Noi vivi. Ma'anarsa, muna raye. Tsohon ya ce bai san wanda ya rubuta ba, amma ya san dalili: in ka fito ba ka san wa ya saura a danginka ba, su ma ba su san ko ka saura ba.

Inna, a nan ne hawaye ya zo mini, kuma ke na tuna. Wata bakwai na yi ban kira ba a shekarar da na rasa aiki a gonar tumatir, ina kwana a ɗakin da mu takwas ne. Kunya ce ta hana ni. Na ga ba ni da abin aikowa, sai na ɗauka ba ni da abin faɗa. Daga baya Auta ta gaya mini kin daina cin abincin dare, kina zama a zaure da waya a cinya, duk wanda ya dawo daga Agadas ko Libiya sai kin aika an tambaye shi. Na ba ki haƙuri a waya amma a gaggauce, kamar ƙaramin abu. Ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa bama-bamai na sauka a kansa ya samu abin rubutu ya sanar da cewa yana nan, ni kuwa da waya a aljihu na bar ki cikin zullumi. Ki yafe mini don Allah. Na yi alkawari ko da aiki ko babu, ko da kuɗi ko babu, duk Juma'a za ki ji muryata.

Da muka fito rana ta yi sanyi, tsohon ya ce in tura shi bakin teku. Muka zauna muna kallon dutsen Vesuvio, na ba shi dabino, ya ci biyu. Da magariba 'yan ɗakinmu na dā suka kira ni, sun dafa shinkafa da naman da suka saya, na je muka ci tare.

Takarduna suna hannun hukuma ana sabuntawa, da sun fito zan fara neman tikiti, in Allah Ya yarda azumi mai zuwa a gida zan yi shi. Na tura wa Yaya hoton matakan nan a WhatsApp, don Allah ya buɗe wa Baba ya ƙara girmansa, ina so in ji ko tazarar da ke tsakaninsu daidai take da tamu. A ajiye mini soyayyen nama a cikin mai ko kaɗan ne, akwai mai zuwa nan ƙarshen wata. A gaishe da Kawu da Gwaggo, da Liman, da duk mutanen layi. Auta, goron Sallarki yana cikin kuɗin da na aiko, kada ki bari ya shige cefane.

Wassalam.

Ɗanku,
daga Napoli, daren Sallah.